Fil a Cikin Wayar Lutfi

Shekara uku ina neman wata murya daga ƙetaren teku a rediyon magana da ke motata, ban samu ba. Direbobin hanyar Gabes kawai nake ji, suna gulmar masu abinci. Don haka da za mu fita hutun watan Maris zuwa rairayin Duz, na sa aka kawo min eriya daga Italiya, fara tas, mai gindin maganaɗisu. Duk wanda ya zo shagona sai na nuna masa ita.

Matata Radiya ta ce sai mun tafi da ƙaninta Lutfi, mai gyaran injin ban ruwa. Shi ma yana da rediyo, tsohuwa, ta marigayi mahaifinsu da ya yi tuƙin babbar mota zuwa Libiya. Eriya ce ba shi da ita.

Da muka gama kafa tanti, sai na ga ya zaro doguwar sandar kamun kifi da wayar tagulla da ya warware daga wani mataccen inji.

"Kifin rairayi za ka kamo mana?" na tambaye shi.

"In na kamo, kai za ka gyara shi, Si Munsif," ya ce, bai ko ɗago ba.

Ya auna waya huɗu, kowace mita biyu da santi saba'in. Ɗaya ya naɗe ta da salatif a jikin sandar har sama, ukun ya baza su ƙasa ya ɗaure a turakun tanti. Ya haɗa su da baƙar wayar da ke zuwa rediyo, ya kafa sandar a kan tudu, ya jona batirin motata. Ko shayin farko bai nuna ba ya gama.

Ni na fara kira. Na kira, na kira, ƙara kawai. Lutfi ya danna nasa makirfon sau biyu, wani mutum ya amsa daga Sisili, can ƙetaren teku. Can kuma wani dattijo daga Marsai, ashe ɗan Matmata ne, nan ƙasarmu, shekara ashirin bai zo gida ba. Radiya ta karɓi makirfon, ita da matar dattijon suka shiga gardamar yadda ake haɗa yajin harisa. Rabon da in ji ta tana dariya haka na manta.

"Hannun Baba ne da shi," ta ce min, idonta a kan ƙaninta. "Ka ba shi taka ya duba maka mana."

"Tawa lafiyarta lau. Iska ce ba ta yi ba."

"Iskar gefen motarka daban ce?"

Ban ci abincin kirki ba ranar. Na girme shi da shekara goma sha biyu, ni na koya masa riƙe makirfo, ga shi yanzu yana rubuta sunayen garuruwan da suka amsa masa a bayan kwalin sukari.

Washegari da la'asar suka tafi neman itacen gasa gurasa a toka. Radiya ta bar fil ɗin mayafinta mai shuɗin kai a kan bargo. Na ɗauka, na hau tudun, na ɗaga salatif ɗin da ke kan baƙar wayar, na soka fil ɗin har ya huda ta, na mayar da salatif. A nufina ya yi ta kira ba amsa, ya ɗanɗana abin da nake ɗanɗana. Abin da na gaya wa kaina ke nan. Amma na san abin da hakan ke yi wa rediyo in aka daɗe ana danna makirfo.

Lutfi ya dawo ya zauna kiran dattijon, don sun yi alkawari. Ya kira ya fi sau goma. Sai ƙauri ya tashi, fitilar rediyon ta mutu.

Ya daɗe yana riƙe da ita a cinya. "Ni na yi kuskure a wajen haɗi," ya ce. "Shekara talatin tana hannun Baba ba ta yi komai ba."

Ya tashi ya bi wayar da yatsa, taƙi bayan taƙi. Ina zaune ina juya garwashi. Ya tsaya a wajen salatif ɗin. Da ya sauko, sai ya miƙa wa Radiya abin da ke hannunsa.

"Yaya, ga fil ɗinki. A ƙasa na tsinta."

Ta kalli fil ɗin, ta kalli bargon, sannan ta kalle ni.

Na kwance rediyona daga mota na ajiye a gabansa. Ya yanke wajen da wayar ta huje, ya sake haɗawa, ya kira. Dattijon ya amsa nan take, muryarsa garau, ta cikin rediyon da shekara uku ba ta taɓa kai ni ko Safakis da ke nan ƙasarmu ba. Kunya ta ishe ni, amma ko a lokacin sai da na ji haushin cewa shi ta yi wa aiki.

Wata huɗu na yi ina yawon kasuwannin 'yan gwangwan kafin in samo irin ɗan ƙarfen da ya ƙone a rediyon Lutfi. Na kai masa wajen aikinsa, na fara bayanin abin da na yi, ya ce in riƙe masa fitila tukuna. Da rediyon ta kama, sai ya ce in gaida Yaya.

Radiya kuwa ba ta taɓa tayar da zancen ba. Da Maris ya zagayo na ce mu shirya tanti, ta ce ita bana a gidan Lutfi za ta yi hutu.