Saƙon da Ke Bisa Hanya

Tun ranar da Nasiba, ɗiyar Dodo, wadda ke karantar da kimiyya a makarantar sakandaren Filinge, ta zo ƙauye hutu, tsohon ya rasa sukuni. Ta gaya masa kowane tauraro rana ce kamar tamu, da yawansu akwai duniyoyi kewaye da su, kuma da wuya a ce mu kaɗai ne masu hankali.

Ya shiga gonar hatsi, noma ya gagare shi. Ya tafi wurin liman, liman ya ce Allah ne Ubangijin talikai, bai ƙara komai ba. Ya wuce gidan Lantana mai bori, ta ce iskokinta ba su taɓa ambaton mutanen waɗannan duniyoyi ba.

Ya dawo ya iske Nasiba tana tankaɗe.

"In sun fi mu sani, mi ya hana su aiko mana gaisuwa?"

"Nisa, Baba. Saƙonsu sai ya shekara dubu bisa hanya."

Dodo ya zauna, ya sake miƙewa. "Ke nan wataƙila an aiko, kuma ranar da zai iso ba ni nan."

"Wataƙila, Baba."

Ya saɓi hauya ya fita, ko furar da ta dama masa bai sha ba.