Karen da Fata Ta Yi Wa Yawa

Mai Kushin bai yarda da ido ba, sai babban yatsa. Tun yana saurayi yake gyaran kujeru, kuma duk kujerar da aka sauke a ƙofar shagonsa, kafin mai ita ya gama kora bayani ya riga ya danna mata yatsa. In soso ya taso ya koma yadda yake, da ransa. In ya lotsa ya zauna a lotse, ya mutu, ko da yadin da ke kansa sabo ne fil. Abu na biyu da sana'ar ta koya masa shi ne yadi ba ya saki haka siddan. Duk inda ka ga rigar kujera ta tattare tana reto, an rage abin da ke ciki ne, kuma akwai hannun da ya rage. Ya sha korar ma'aikata a kan wannan, bai taɓa yin nadama ba.

Akwai kare a gidan, na 'yarsa ne. Aiki ya ɗauke ta zuwa wata ƙasa, gidan da za ta zauna kuma ba a yarda da dabba ba, sai ta kawo shi gida yana ɗan kwikwiyo ɓul-ɓul, mai ruwan toka, da 'yar tattara a goshi. Ta shirya da mahauci ya riƙa kawo nama kullum, ta jibge buhunan abincin kare a sito, ta riƙe hannun babanta ta ce amana ce. Mai Kushin ba ya son kare, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Amma wannan 'yar ko kunama ta bar masa, sai ya nema mata inuwa. Ya karɓa da sharaɗin cewa shi dai ba zai taɓa shi ba.

Mai taɓawa kuwa akwai shi a gidan, wato Auta, ƙanensa. Direban babbar mota ne a da, har ido ya fara yi masa gardama aka karɓe makulli. Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, ya iso gidan yayansa da jaka ɗaya, a rame, wuya kamar mariƙin lema. Aka ba shi ɗakin da ke bayan shago. Ba shi da wani wurin zuwa a duniya, kowa a gidan ya sani, shi ya fi kowa sani. Da kare ya zo sai ya samu abin yi: shi ke dafa naman, shi ke wanka, shi ke zagayawa da shi. Ya raɗa masa suna Kyakkyawa, don tsokana.

Tsokanar kuwa ta kama, domin da Kyakkyawa ya tashi girma sai ya girma ba tsari. Ya kai ɗan maraƙi. Kai ya yi ƙato, leɓɓa suka zubo har suna shafar ƙirji, fatar ƙasan ido ta zazzago ta bar jan nama a waje, fatar wuya tana lilo in ya yi tafiya. Ga dalala, duk inda ya girgiza kai sai an nemi tsumma. Masu kawo gyara sukan tsaya daga titi su yi sallama. Wata mata ta tambaya ko tsoho ne, aka ce mata bai cika shekara ba, ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Wannan addu'ar ce ta tsaya wa Mai Kushin a rai. Ya ajiye guduma ya leƙa ta tagar bayan shago, ya ƙare wa karen kallo irin wanda yake yi wa kujera. Riga ta yi wa abin ciki yawa. A wuya, a kafaɗa, a ƙafafu, ko'ina fata ta ninku. Wannan ba yankan ganganci ba ne, ya ce a ransa, ragi ne.

Bai so idonsa ya koma kan Auta ba, amma ya koma. Mutumin da ya zo a rame, yanzu fuska ta cika tana sheƙi. Ciki ya turo riga. Rannan ma ya gan shi yana yanke maɗaurin takalminsa da reza, wai ya matse shi.

Ya fara da mahauci. Ya tare shi a ƙofa, ya karɓi ledar ya jinjina, ya buɗe ya duba. Nama ne mai kyau, jawur, ba algus. Ya duba buhunan sito, suna raguwa yadda ya kamata, amma buhu ai ana iya kwasa a sayar. Daga nan ya koma tagar. Abin da ya gani kullum iri ɗaya ne: Auta zai ɗauki kwanon kare a hannun dama, farantinsa a hagu, ya shige ɗaki, karen ya bi shi, ya tura ƙofa.

"Maman yara," ya ce wa matarsa tana shanya, "me ya sa mutum zai rufe ƙofa don zai ba kare abinci?"

"Saboda kajin maƙwabta mana."

"Kaji? Wace kaza ce za ta tunkari wannan halittar?"

Ta juyo da zani a hannu. "Maigida, faɗi abin da ke bakinka."

"Kare yana zubewa, Auta yana cika. Ni ban ce komai ba."

"Ka ce kuwa. Ɗan'uwanka ne fa, ciki ɗaya. Ya samu kwanciyar hankali ne, abincina ya karɓe shi. Ba ka ga yadda yake suɗe faranti ba?"

"Na gani. Mai suɗe faranti ai ba ya ƙin ƙari."

Ta ce ya ji tsoron Allah, ta ci gaba da shanyarta. Shi kuwa zargi ya riga ya samu wurin zama. In Auta ya yi gyatsa, nama. In ya yi barcin rana, nama. In ya tsaya a tsakar gida yana haki bayan ya zagaya da kare, ƙiba ce ta haram take hana shi numfashi. Abin da ya fi ci masa rai ba naman ba ne. 'Yarsa za ta dawo ta tarar da amanarta ta koma buhu, ta dube shi, shi da bai taɓa mayar wa kowa kujera a rage ba.

Ranar da ta bugo waya ta ce a turo mata hoton karenta, ya ce wayar ba ta ɗauka da kyau. Yana ajiyewa ya nufi ɗakin baya, ya tura ƙofa ba sallama. Auta na zaune a bakin gado, faranti biyu a ƙasa duk an share su tas, karen ya ɗora wannan ƙaton kan nasa a cinyarsa.

"Yaya, lafiya?"

"Ita na zo tambaya. Dubi karen nan. Dube shi da kyau, sannan ka dubi kanka."

Auta ya dubi kare, ya dubi cikinsa. Ya daɗe kafin ya gane.

"Yaya, naman kare?"

"Ni ba yaro ba ne. Na san abin da aka rage in na gan shi. In yunwa kake ji, ka faɗa, gidan nan ba a taɓa hana ka ba. Amma amanar yarinya? Dabbar da ba ta da bakin kai ƙara?"

Ya jira rantsuwa, ya jira musu, har ya tanadi amsa. Auta bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗaga kan karen a hankali ya ajiye, ya ce, "To, Yaya." Kafin la'asar ya haɗa jakarsa. Maman yara ta riƙe jakar tana kuka, ya ce mata ba komai, akwai ɗakin direbobi a tasha, ba za su hana shi tabarma ba. Mai Kushin yana shago yana buga ƙusa da ƙarfi. Shirun Auta ya ɗauke shi a matsayin amsa laifi.

Daga ranar Kyakkyawa ya daina ci. Ya kwanta a ƙofar ɗakin baya, naman ya bushe a kwano, ƙuda na bi. Maman yara ma ta daina magana sai ta dole. Da abin ya ƙi ƙarewa, Mai Kushin ya aika aka kira likitar dabbobi.

Tana shigowa ta yi dariya. "Kai, ina kuka samo wannan? Ba a cika ganinsu ba." Ta durƙusa ta kama fatar wuyan ta ɗaga, ta leƙa cikin ninkin, ta duba haƙora. "Wa ke goge masa tsakanin fata? Ko ƙurji ɗaya babu. Mutumin nan ya san aikinsa."

"Likita, ramar fa?"

"Wace rama?"

"Fatar. Ba ki ga ta yi masa yawa ba?"

"Baba, haka irinsu suke. Da girma da zubowar fata tare suke tafiya, uwarsa ma haka take, na tabbata. Kawo hannunka."

Ya noƙe. Ta kama hannun ta ɗora a kafaɗar karen. Yatsan ya yi abin da ya saba, ya danna. Ƙarƙashin fatar nama ne a cure, mai tauri, bai ko motsa ba. Ya danna a cinya, ya danna a baya. Tunda yake bai taɓa danna kujera mai cika irin wannan ba.

"In ma da matsala, ƙiba ce," in ji likitar. "Rashin cin nan kewa ce, zai wuce. Amma akwai mai ba shi abincin mutane bayan nasa. Shinkafa, mai, irin wannan. A daina."

Maman yara, da ke tsaye a bakin kicin, ta dafe ƙirji. "Farantin," ta ce. "Wayyo, farantin da nake yabo."

Mai Kushin ya dubi ƙofar ɗakin baya. In kare ne ke cin nasa da na Auta, to me Auta yake ci? Kuma me ya cika shi?

Bai rufe shago ba. Ya tari mota zuwa tasha, ya yi ta tambaya har aka nuna masa wani ɗaki a bayan rumfar masu facin taya. Auta na kishingiɗe a tabarma, ya jingina da bango domin kwanciya ba ta yi masa, ƙafafu a miƙe, ba takalmi. Ya yunƙura zai gaishe shi.

"Zauna," in ji Mai Kushin. Ya durƙusa. "Tun yaushe ba ka iya cin abinci?"

"An kwana biyu, Yaya. In na ci sai ya tsaya mini a nan. Na ga Maman yara tana wahalar dafawa, ban so faranti ya koma da abinci. Kuma kun yi mini ɗaki, ban so in ƙara muku da asibiti."

Mai Kushin ya dubi ƙafafun nan marasa takalmi. Ya janye ƙafar wandon ƙanensa sama, ƙafar ta kumbura tana ƙyalli. Ya ɗora babban yatsa a kan ƙwauri, ya danna a hankali, ya ɗaga.

Wurin ya lotsa. Ya zuba masa ido yana jira ya taso, kamar yadda ya jira a kan kujeru duk rayuwarsa. Bai taso ba.

"Yaya," in ji Auta, "Kyakkyawa yana ci kuwa?"

"Tashi," ya ce, yana cusa hannu a ƙarƙashin hammatarsa. "Riƙe wuyana. Asibiti za mu fara zuwa, sannan ka je ka tambaye shi da kanka."