Jan Murfi ko Shuɗi

Aikinmu a ɗakin bincike shi ne tsorata ɓeraye. Mukan ajiye su kusa da ƙasar da kyanwa ta yi fitsari a ciki, bayan kwanaki mu duba wanda ya warware da wanda ya ƙame a lungu. Waɗanda suka warware, ƙwaƙwalwarsu ta fi yawan wani sinadari da ake kira feftaid. Shi muke ɗiga wa sauran a hanci, mu ga ko zai raba su da tsoron.

Ni ke haɗa kwalaben: ɗaya maganin, ɗaya ruwan gishiri kawai, jan murfi da shuɗi. Abokin aikina Mothusi ke ɗigawa yana auna ɓerayen, kuma ba a yarda ya san wacce ce wacce ba, don kada idonsa ya ga abin da yake son gani.

Bara aka ɗora wa Mothusi bindiga a kunne a danjar da ke gangaren babban titin Pretoria, aka tafi da motarsa. Tun lokacin bai sake tuƙi ba. Shi ya sa na yi mamaki ranar Alhamis da yamma da ya kaɗa mini makullin motar matarsa.

“Zo in sauke ki gida, 'yar Suwidin. Ko sai jirgin ƙasa mai ɗumama kujera?” Haka yake tsokanata tun da na dawo daga karatu a Suwidin.

“Abuti Mothusi, kai da tuƙi?”

“Shiga mana, Ausi.” Abuti da Ausi muke kiran juna, wato ɗan'uwa da 'yar'uwa.

Yana tuƙi yana fito. Sai da muka hau babban titi, inda ba wurin tsayawa, ya ce, “Onalenna, na shaƙi kwalba ɗaya.”

Na juyo na dube shi. Bai yi kama da mai wasa ba.

“Nawa?”

“Na lissafa da nauyina. Ɓera ne ni mai kilo tamanin da biyar.”

“Kana da hawan jini! Abin nan matse jijiya yake yi. Wacce ka shaƙa?”

“A'a. In na faɗa, fuskarki za ta gaya mini, shi ke nan gwajin ya lalace. Ba abin da kika koyo a can ke nan ba?”

“Wannan ba gwaji ba ne, mota ce, ina ciki.”

Ya yi dariya, ya ƙara wuta. Na zuba wa jijiyar wuyansa ido. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, na kasa gane na zafin rana ne ko na zuciya. Manyan motoci suna wuce mu ta dama. Na auna nisan hannuna da sitiyari, na ga ba zan kai ba sai na kwance bel.

Ya kunna sigina. Ba hanyar gidana ba ce, gangaren da aka ƙwace masa mota ne.

“Abuti, kar ka bi nan.”

“Nan ɗin nake so. In ban bi ba, me na auna?”

Danjar ta ba da ja muna isa. Muka tsaya a sahun gaba. Ciyawa ta yi tsayi a gefen titi, fasassun gilasai zube a ƙasa. Wani mutum ya fito daga bayan allon talla, hannunsa ɗaya cikin jaka. Ya nufo gefen Mothusi, ya ƙwanƙwasa gilas, ya zaro wayoyin caji yana kaɗawa.

Danja ta ba da kore. Motar ba ta motsa ba.

Hannuwan Mothusi sun ƙame a kan sitiyari, idonsa a buɗe, ba ya ƙiftawa. Na kama wuyan hannunsa. Jini na bugawa da sauri, amma daidai. Wata tasi a bayanmu ta danna oda ba ta saki ba.

“Wacce?” na ce.

“Ja,” ya ce da ƙyar. “Gishiri ne, ko?”

Jan shi ne maganin.

Danja ta koma ja. Mai cajin bai tafi ba, wasu biyu kuma sun taso daga cikin ciyawar suna kallon motar da ta ƙi tafiya. Mothusi ba zai iya matsawa ba sai an janye shi, ni kuma ba zan kai kujerarsa ba sai na zagaya ta waje.

Na ja birkin hannu, na tura jakata ƙarƙashin kujera, na buɗe makullin ƙofata don in fita.