Ranar da Aka Raba Gandunmu

A shekarar da muka kai mutum ɗari da arba'in, ɗakin cin abinci ya daina ɗaukarmu, hannuwa kuma sun fi aikin yawa. Mu Hutterawa, Kiristoci manoma masu zaman tarayya, komai namu na gandu ne, wato na jama'ar ƙauyenmu gaba ɗaya, daga gona har tukunya, in gandu ya cika haka kuwa raba shi ake yi. Tun shekara biyar kafin nan dattawa suka sayi fili can arewacin lardin Saskatchewan, tafiyar awa uku, mazanmu suna zuwa suna gini. Da aka gama sai aka kasa iyalai kashi biyu, kowane kashi da mai wa'azinsa. Wa zai tashi, wa zai zauna, wannan sai abin da ƙuri'a ta ce. Kowa dai ya ɗaure kayansa ya jira.

Ni da yayata Rahel gandu ɗaya aka kawo mu aure, shekara ashirin da shida makon girkinmu ɗaya. Sunanta ya faɗa kashin Kawu Zacharias tare da 'ya'yanta, nawa kashin Kawu Elias tare da dangin mijina. Rabuwa kam ta tabbata.

Rahel ba ta son tashi. Mijinta yana kwance a maƙabartar bayan lambu, kowace Lahadi takan je ta cire masa ciyawa. Ni kuwa ina so, ban dai gaya wa kowa ba. Sau ɗaya aka kai mu wanke sabon wurin, na ga ɗakin girkin: taga uku manya suna kallon gonar alkama, ga tanda mai cin burodi arba'in a tashi ɗaya. Namu taga ɗaya ce, ita ma bangon rumbu take kallo. Tun daga ranar nake girki a can cikin zuciyata.

Ranar ƙuri'a mu ke da girki. Da safe muna yanka taliyar miya, Rahel ta dube ni.

"Dorothea, wannan taliya ce ko igiyar ɗaure saniya?"

"Yaya, bar ni."

"Kin ɗaure har cokali, na gani. Ni akwati biyu na rufe, don kada a ce na ƙi."

Bayan karin kumallo aka taru a ɗakin ibada, maza gefe, mata gefe. Aka yi waƙa, aka yi addu'a mai tsawo. Takarda biyu aka naɗe aka jefa cikin baƙar malafa. Kawu Zacharias ya sa hannu ya ɗauko ɗaya, ya laluba aljihu bai sami tabarau ba, sai da wani ya ara masa. Ya karanta, ya ɗaga kai.

"Mu ne masu tafiya."

Ni dai ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Matan kusa suka riƙa dafa ni suna cewa, "Allah sarki, 'yan'uwa." Rahel ko gezau. Ta gyara ɗankwalinta, ta ja ni muka koma wajen tukunya, don ko an raba gandu sai an ci abincin rana.

Sai da ta ɗora ruwa ta ce, "Share hancinki. Kukan taga kike, ba nawa ba."

"Haba Yaya!"

"Haba me? Ranar da muka je wanke wurin kin goge gilashin nan sau uku."

Kunya ta kama ni, dariya kuma ta zo, kukan bai tsaya ba. Na ce, "Da ana musanya ai da na karɓar miki."

"Ba a yi. An roƙi Allah ya zaɓa, ya zaɓa, sai kuma mu ce ya sake?" Ta ɗanɗana miyar ta ƙara gishiri. "Ki riƙa leƙa min kabarin maigidana. Ciyawar da ke wajen kai ta fi taurin tsiya, sai da wuƙa."

Washegari motoci suka jeru a tsakar gandu. Aka raba shanu, aka raba injuna, har tukwane sai da aka kasa biyu. Babban ludayin da muke faɗa a kansa ya bi Rahel. Ta hau mota ba ta waiwaya ba, na san kuma dalili.

Kwana uku na yi ina kwance kaya. Ɗakin cin abinci ya zama fanko, kana jin ƙarar cokalin kowa. Aka haɗa ni girki da matar ɗana, yarinya mai hankali, sai dai komai na ce sai ta ce to. Ban taɓa sanin gardama ma abinci ce ba sai a lokacin.

Da kaka, bayan an gama yankan alkama, suka aiko suna neman hannu don figar agwagi, ɗari takwas ne kuma matansu ba su da yawa. Mu shida aka tura. Na sami Rahel a rumfar figa, gashin agwagwa har a girarta, ta yi ƙiba, tana ba da umarni kamar a can aka haife ta. An ba ta shugabancin girki.

"Kin iso? Ga kujera. Ki fige a hankali, fatarsu ba ta da ƙwari."

Na zauna kusa da ita na jawo agwagwa. Kwana huɗu muka yi muna figa, ranar na biyar dusar ƙanƙara ta fara sauka, direba ya ce mu yi sauri kafin hanya ta rufe.