Injin Da Aka Kwance

Tun da kasuwa ta mutu, ba abin da ke motsi a shagon ɗab'in nan sai fanka. Ita kuwa gwamnati, da aljihunta ya huje, sai ta ɗora haraji a kan duk injin da ke tsaye, yana aiki ko ba ya yi. Mai shagon ta gaji nata injin daga mahaifinta, shi ke ciyar da gidanta da na yayanta, wanda ke sarrafa shi. In ta biya, ba na cefane. In ta ƙi, a ɗauke injin.

Maƙwabta, su ma masu ɗab'i, suka gano dabara: injin da aka kwance ba jari ba ne, tarkacen ƙarfe ne. Layin kaf ya ɗauki ƙarar guduma.

"Yaya, mu ma mu kwance," in ji ta.

"Kwancewa ba wuya, sake haɗawa ce aiki. Baba kansa bai taɓa ganin cikin injin nan ba."

"To kana da wata hanya?"

Aka kira bakaniken layin, ya yi wa injin filla-filla, ya zuba notuna a bokitan fenti. Mai haraji ya zo, ya taɓa tarkacen da takalmi, ya ce, "Ikon Allah, annoba ce ta faɗa wa injunan layin nan?" Ya wuce yana dariya.

Ba ta gama ajiyar zuciya ba sai ga wani mai kamfanin sabulu, yana son takardun naɗe sabulu kafin ƙarshen mako. Rabonsu da aiki irin wannan har ta manta. Ta ba shi kujera, ta kira bakanike a waya. Matarsa ce ta ɗauka.

"Ai ya sayar da kayan aikinsa ya bar gari, Hajiya. Wa zai yi wa gyara, ba inji ko ɗaya a tsaye?"

Yaya ya durƙusa gaban bokitan, yana jujjuya wani noti, ya rasa inda ya fito.

Baƙon ya duba agogo, ya yi sallama. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallonsa yana shiga shagon maƙwabta yana fitowa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshen layi. Can ya tare mota.