Kunnen Ɗan Wabi

Sau uku Zaliha tana haihuwa, sau uku ana binnewa bayan rumbu tun ba a yi suna ba. Gogo, uwar mijinta, ta ce yaro guda ne ke zuwa yana komawa, ɗan wabi. Da na ukun ya mutu sai ta tsaga masa kunne da aska, don a gane shi in ya dawo.

Yanzu ga wani cikin. Kullum rana ta take, ƙauyen Tabotaki ya yi tsit, sai Zaliha ta ji kuka siriri daga bayan rumbun.

Ranar kasuwa motar gwamnati ta zo da masu allurar tunjere. Andarawus, ma'aikacin likita da ke cikinsu, ya buɗe tafin hannunta, ya daɗe yana duban tabon da ke ciki.

“Baiwar Allah, ciwo ne cikin jini ke kashe miki ɗiya. Allura na maganinshi. Amma sai da maigidanki, in ba haka ba shi sake ba ki ciwon. Da la'asar za mu wuce Buza.”

Ta sami mijinta Halidu yana gyaran darni.

“In kwance wando gaban gari?” ya ce. “Gobe a ce ga tsarabar da Halidu ya kawo daga cin rani.”

“Malam, gari ya san abin da muka binne.”

Ita da ba ta taɓa riƙe hannunsa da rana ba, ta kama shi, ta ja shi bayan rumbu. Ko ganyen bagaruwa ba ya motsi.

“Saurara.”

“In saurari mi?”

Ta ga tsigar jikinsa ta tashi, ta ji yatsunsa sun yi sanyi cikin nata. Bai taɓa faɗin abin da ya ji ba. Ya bar takalminsa a nan, ya nufi kasuwa wurin masu allura.

Bayan an yanke gero ta haifi ɗiya mace, mai kuka kamar za ta fasa ɗaki. Gogo ta kai ta bakin ƙofa wurin haske, ta juya kunnen dama, ta juya na hagu. Lafiyayyu.

“Wagga baƙuwa ce,” ta ce a hankali. “Ba shi ba ne.”

Zaliha ta rungume ɗiyar, hawaye na zuba kan ƙaramin kunnen. Ashe ba guda ba ne. Su uku ne, kowa da fuskarsa, ba wanda aka raɗa wa suna.

Rana ta take. Ta kasa kunne wajen rumbu, ta fara rarrabe muryoyinsu.