Makon da Aka Yi wa Baba Ƙarya

A gidan nan ba a shan shayi haka kawai. Kafin kofi ya kai bakinka sai ka ji inda aka fara noman ganyensa, da yadda ya hau jirgin ruwa, da rigimar da aka tafka a kansa. Kafin a gama bayani ya huce. Baba ne mai wannan aikin. Tsohon malamin tarihi ne, da ya yi ritaya sai ya dawo gida ya mai da iyalinsa aji. Duk maganarsa da "Kun san cewa" take farawa, shi ya sa 'yan unguwa ke kiransa Malam Kun-San, a bayan idonsa dai.

Babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya, a cikin wannan ruwan bayani ta tashi. Tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba ta san da yashi ake yin gilashi, ta san hasken rana sai ya yi tafiyar kusan minti takwas kafin ya sauka kan shanyar Mama. Ita da ƙaninta Auta sun ƙware wajen sulalewa da zarar Baba ya gyara murya. Yanzu ta girma, tana aiki a kantin magani, tana da gidanta, amma kullum sai ta biyo da yamma ta gaishe su.

Sai yanar ido ta rufe wa Baba gani. A hankali abin ya zo. Ya fara kai littafi kusa da hanci, ya koma ɗora wa tabarau laifi, daga baya ya rufe kabad ɗin littattafansa ya miƙa wa Mama makulli. Daga ranar bakinsa ya mutu. Sai ya wuni a kujerarsa ta bakin taga, hannu a gwiwa, kamar mai jiran mota. Shayi ya koma shiga ciki da zafinsa, kuma wallahi bai yi wa kowa daɗi ba.

Likitan ido ya ce aikin ba wani babba ba ne, da safe a shiga, da rana a koma gida. Ya ƙara da cewa in aka bari yanar ta ƙara tauri, aikin zai ƙara wuya. Baba ya ce sam.

"Uwata," haka yake kiran Yaya, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "ni za a gaya wa aikin ido? Likitocin zamanin da, allura suke sokawa su ture yanar can ciki. Wani ma allura mai rami ya ƙera yana zuƙo ta. Na karanta, har zanen na gani."

"Baba, wannan fa shekara dubu ke nan."

"Idon dai bai sake wuri ba."

Ga illar karatu da yawa. Wani tsoho, tsoro ɗaya zai ji, Baba kuwa nasa tsoron har da tarihi. Yaya ta yi lallashi, ta yi fushi, ta kawo kawu ya yi nasiha, duk a banza. Abin yana cin ranta. Ba ta son ta ga mahaifinta ya ƙarasa rayuwarsa cikin hazo alhali maganin yana nan, tafiyar ɗan lokaci a mota.

Auta ne ya buɗe hanya ba da niyya ba. Shi mai gyaran wutar lantarki ne, ga gemu ga tumbi, amma har gobe Auta. Yana saman tsani a falo yana gyara fanka, yana zuba wa Mama surutu, sai ya ce ai jemage ƙwai yake yi kamar kowane tsuntsu.

Yaya ta ga yatsan Baba ya motsa a kan gwiwa. Ya daure, ya sake daurewa, abin ya fi ƙarfinsa.

"Haihuwa yake yi, ya shayar! Kuma wa ya ce maka tsuntsu ne? Kai a gidan wa ka tashi?"

Aka yi kusan rabin awa ana jemage. Rabon da a ji muryar Baba haka har an manta. Yaya ta ja Mama da Auta kicin, ta tura ƙofa.

"Kun gani? Baba zai iya jure komai, amma ba zai jure kuskure ba. Daga yau kowa ya riƙa kawo nasa. In ya dawo hayyacinsa, kewar littafi za ta kai shi asibiti."

Mama ta goge hannu da gefen zani. "Na yarda, amma ban da addini. Duk wanda ya taɓa min ko aya ɗaya, da muciya zan bi shi."

Haka aka buɗe kasuwar ƙarya. Washegari Auta ya shigo yana shelar cewa kogin Nilu kudu yake gangarawa. Baba ya kusa faɗowa daga kujera, ya zana masa taswira a iska da cokali. Yaya ta ce Turawa ne suka ƙirƙiro takarda, ta sha labarin ƙasar Sin har aka kira magariba. Mama, wadda aka zaci za ta ji kunya, ita ta fi kowa iya sheƙa ta. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ita dai ta ji dalar Masar rumbunan hatsi ne.

"Kaburburan sarakuna ne! Haba, ke ma? Shekara nawa muna tare?"

"To ni ina na sani, Malam? Na ga kamar za su ci hatsi da yawa."

Har mai askin da ke zuwa gida yi wa Baba gyaran fuska aka saka a layi. Da aska a hannunsa ya ce mutanen da suka zana dabbobi a bangon kogo da fentin gwangwani suka yi aiki. Baba, da kumfa a haɓa, ya yi masa bayanin gawayi da jar ƙasa har kumfar ta bushe. Abinci ya fara shiga, dariya ta dawo falo. Yaya tana tafiya kanti tana murmushi ita kaɗai, tana ƙulla ƙaryar gobe.

A nan suka yi kuskuren da sai 'ya'yan malami za su yi: suka fara gasa. Ƙaryar Auta ta fara zuwa da shekara da sunan gari. Ita kuwa Yaya, don kada a bar ta a baya, ta ce lambar sifili Rumawa ne suka kawo ta lissafi, har ta ƙara da yadda wai suke rubuta ta.

Baba bai yi tsawa ba. Ya juyo da fuskarsa wajen muryarta a hankali.

"Uwata, ranar da na gaya miki daga Indiya sifili ya fito, zazzaɓi kike yi. Kina kwance a cinyata, na zana miki shi a tafin hannu, kika yi dariya. Kin manta?"

Ba ta manta ba. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Wanda bai sani ba, kuskurensa a karkace yake zuwa. Naku kuwa a goge yake, har da kari. Tun ranar dala na gane ku. Idona ne ya tafi, ba hankalina ba." Baba ya gyara zama. "Na gode dai. Amma asibiti ba ni zuwa."

Ya mai da fuska taga. Yaya ta koma gida ranar da zuciya a jagule. Ta so ta taimaka, ta ƙare da mai da mahaifinta abin wasa, ga shi ko taku ɗaya bai yi zuwa wurin likita ba.

Bayan kwana biyu, tana zaune tana haɗa masa shayi shiru, sai ga Auta ya faɗo falo da jarida a hannu, ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Baba, ka ji sabon labari? Ashe yanzu Zuhal, duniyar nan mai zobe, ta fi Mushtari yawan watanni masu kewaya ta!"

"An rufe kasuwar nan, Auta."

"Wallahi wannan gaskiya ce!"

"Mushtari ce babba, ita ce mai watanni mafi yawa. Haka na bar su."

"Ai bayan ka bar su aka gano wasu. Ga shi nan an buga, har da hoto."

Yaya ta karɓa ta duba. Gaskiya ne kuwa. Ta ce, "Baba, da gaske yake."

"Ke kuma mai sifilin Rumawa?"

Ya miƙo hannu aka ba shi jaridar. Ya kai ta hanci, ya nesanta ta, ya karkata wajen hasken taga. Ba abin da yake gani sai toka-toka. Ya ce a kira wanda zai karanta masa tsakani da Allah. Auta ya ce ga Mama.

"Mai rumbun hatsi?"

"To mai aski."

"Mai fentin gwangwani?"

Mama ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kaf gidan, har da maƙwabta, ba a bar mutum ɗaya da Baba zai yarda da karatunsa ba. Da hannunsu suka ƙone duk shaidun.

Baba ya daɗe riƙe da jaridar a cinya yana shafa ta da yatsa. Can ya fara magana, kamar da kansa yake yi.

"Masu falsafa sun daɗe suna gardama a kan mene ne sani. Abin da aka gaya maka, ajiya ce aka ba ka, ba naka ba ne sai ka bincika. Haka na koya wa yara shekara da shekaru." Ya ja numfashi. "Wato sama ta ci gaba da harkokinta ba ta jira ni ba."

Yaya ta riƙe cokali, ko motsa shayin ta kasa.

"Uwata, allurar nan tasu. Da gaske ba a jin ta?"

"Ba a ji, Baba. Ko wannan ma ba ka yarda ba?"

"Ban yarda ba. Zan je in bincika da kaina. Ku ajiye min jaridar, kada uwarku ta naɗe wani abu da ita."

Aka yi aikin. Ranar da za a cire bandeji, duk suka cika ɗakin likita. Yaya na tsaye da jaridar a ninke cikin jaka. Likita ya ɗaga audugar a hankali. Baba ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, hawaye ya gangaro. Ta yi sauri ta miƙa masa jaridar, amma bai karɓa ba. Mama yake kallo.

"Ke, yaushe kika yi furfura haka?"

"Rumawa ne suka kawo min ita," in ji Mama.

Har likita sai da ya dara, ko da yake bai san zancen ba. Sannan Baba ya buɗe jaridar, ya bi layi da yatsa yana motsa leɓe, ya daɗe a kan hoton zoben. Ya ninke ta da kyau.

"Yaron nan ya yi gaskiya. Sau ɗaya dai."

Da yamma Mama ta mayar masa da makullin kabad, Yaya ta kawo shayi. Ya ɗaga kofin gilashin wajen taga yana kallon yadda haske ke ratsa shi, sai ya gyara murya. Auta ya fara laluben takalmi da ƙafa.

"Kun san cewa..."

Yaya ta sani. Tun tana 'yar ƙarama ta san wannan labarin, daga farkonsa har ƙarshe. Ta janyo kujera kusa da shi, ta ajiye nata kofin a ƙasa ya huce.

"Ban sani ba, Baba," ta ce. "Gaya min."